Ɗaura Ƙwaron Bogi Don Kamun Kifi: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama bakin kogi da almuru ya ga yadda ruwa ke yin zobe-zobe, kifi na tasowa yana tsintar ƙwarin da suka faɗo. A kan wannan ɗabi'a ta kifi aka gina wata sana'a mai shekaru aru-aru: a ɗauki ƙugiya, a naɗa mata zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a jefa wa kifi ya haɗiya. Ga tambayoyin da masu sha'awar koyo suka fi yi.

Mene ne ƙwaron bogi, kuma me ya raba shi da fatsar da muka sani?

A fatsar gargajiya, abinci na gaske ake soka wa ƙugiya: tana, ko fara, ko guntun tuwo, ko ɗan ƙaramin kifi. Kifi ya ji ƙamshi ya zo. Shi kuwa ƙwaron bogi ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano. Ƙugiya ce kawai da aka yi wa riga da gashi da zare, ido kaɗai take yaudara.

Bambanci na biyu yana wajen jifa. Ƙwaron ba shi da nauyin da zai ja igiya ya tafi da ita, wani ma ko ƙwayar shinkafa ta fi shi nauyi. Don haka igiyar ce ake yi mai kauri da nauyi, masunci ya riƙa kaɗa ta a iska gaba da baya kamar bulala, ita ce ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi inda ake so. A ƙarshen igiyar akwai siririn zaren roba mai haske wanda kifi ba ya saurin gani, a nan ake ɗaure ƙwaron.

Da gaske kifi na ruɗuwa da gashin kaza?

Ƙwarai kuwa. Kifin da ke tsaye cikin ruwa mai gudu ba shi da lokacin bincike. Abu ya taho, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu zai wuce, ko ya kama ko ya rasa. Ba shi da hannun da zai taɓa ya ji, bakinsa ne hannunsa. Yakan kama, in ya ji ba abinci ba ne ya tofar, kuma tofarwar tana da sauri sosai. Aikin masunci shi ne ya ɗaga sanda a wannan ɗan tsakani.

Amma fa kada a raina shi. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma a ruwa mai garai-garai, inda ake yawan yi masa jifa, kifi yakan taso har ya kusa taɓa ƙwaron da baki, ya dube shi, ya juya abinsa.

Daga ina abin ya samo asali?

Bayani mafi daɗewa da aka fi ambata na wani marubucin Rumawa ne, Claudius Aelianus, wajen shekara ta 200 miladiyya. Ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke kama wani kifi mai ɗige-ɗige a kogin Astraeus. Suna naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashi biyu na zakara, daga waɗanda ke fitowa ƙarƙashin lebensa, masu launin kakin zuma. Abin mamaki, wanda ya ɗaura wannan a yau zai kama kifi da shi.

A Ingila, wani littafin kamun kifi da aka buga a 1496 ya jera ƙwari goma sha biyu, kowanne da watan da ake amfani da shi. A can ne kuma aka yi wata doguwar gardama a wannan fage. Frederic Halford, wanda ke su a kogin Test a kudancin ƙasar, ya kafa aƙidar cewa mutumin kirki ba ya jefa wa kifi komai sai ƙwaron da ke yawo a saman ruwa. G. E. M. Skues, wani lauya da ke su a kogin Itchen, ya lura cewa yawancin kifayen da ake zaton sama suke ci, a gaskiya 'ya'yan ƙwari suke kamawa ƙasa da fatar ruwa kaɗan, sai ya fara ɗaura irinsu. Almajiran Halford suka ɗauki wannan tamkar abin kunya, suka yi ta sukarsa har bayan mutuwar malaminsu a 1914, kuma a 1938 Skues ya bar wurin da ya shafe shekaru yana su. Yau kowa ya san gaskiya tana wajensa, domin kifi ya fi cin abinci a cikin ruwa a kan samansa.

Ba Turawa kaɗai ba ne. A duwatsun Japan masunta sun daɗe da nasu salon mai suna tenkara, da doguwar gora da igiya ba tare da abin naɗe ta ba.

Waɗanne ƙwari ake kwaikwaya?

Nan ne zuciyar sana'ar, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin gaggawa. Kafin ka sayi komai, je bakin rafi ka ɗaga dutse daga cikin ruwa ka juya shi. Abubuwan da za ka ga suna rarrafe a ƙarƙashinsa su ne abincin kifin wannan wuri.

Na farko akwai ƙwaron kwana ɗaya. Ɗansa yakan yi watanni, sau da yawa shekara guda, a ƙasan ruwa, yana da jela biyu ko uku siriri. In lokaci ya yi sai ya taso, fatarsa ta tsage, ya fito da fukafukai a tsaye kamar filafilan jirgin ruwa. Ya tashi ya sauka kan ganye, ya sake yin saɓa, abin da babu wani ƙwaro mai fiffike da ke yi sai shi. Babban ba ya cin abinci, bakinsa ma bai aiki. Ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai, su faɗi a ruwa fukafukai a baje. Kowane mataki a cikin waɗannan yana da nasa ƙwaron bogi, kuma kifin da ya sa ido kan masu tasowa yana iya ƙin kallon wanda ya riga ya fito.

Na biyu shi ne mai gina gida. Tsutsarsa takan haɗa yashi da ƙananan tsakuwa ko tsinke ta yi wa kanta kube, tana yawo da shi. Babbansa ya yi kama da ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare, yana kifa fukafukansa a baya kamar jinka. Yana da gudu a kan ruwa, shi ya sa ake ɗan jan na boginsa.

Sai ƙwaron dutse, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai tsafta da iska sosai, da kuma ƙananan ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo. Tsutsar waɗannan ja ce wur, tana cikin taɓo, kuma a tafki da madatsar ruwa ita ce babban abinci. Akwai ɗan mazari, mai ƙiba da manyan idanu, mafarauci ne a cikin ciyawar ruwa.

Bayan na ruwa akwai na tudu da iska ke jefowa: fara, tururuwa, buzuzu, gyare. Akwai kuma rukunin da ba ƙwari ba ne sam, ana dai ɗaura su da kayan aiki iri ɗaya, wato kwaikwayon ɗan kifi, da matsattsaku, da ƙaguwa, da kwaɗo.

Ta yaya ake sa wani ya yi yawo a sama, wani ya nutse?

Da kayan da aka zaɓa. Na sama ana yin sa da siririyar ƙugiya marar nauyi da gashin wuyan zakara mai tauri. In aka naɗa gashin sai zarurrukansa su miƙe kewaye da ƙugiyar, su tsaya kan fatar ruwa kamar ƙafafu. Ana kuma amfani da gashin wasu namun dajin ƙasashen sanyi dangin barewa, domin kowane sili yana da iska a cikinsa. Da irin wannan gashi wani Ba'amurke, Al Troth, ya ɗaura ƙwaron da ake kira Elk Hair Caddis a 1957, wanda har yau ba a raba shi da akwatin masunta. Akwai kuma wani lallausan gashi da ke kewaye da tsiron mai na bayan agwagwa, yana riƙe kumfar iska. Masuntan yankin Jura, tsakanin Suwizalan da Faransa, su suka fara cin moriyarsa.

Na ƙasa kuwa ana so ya sha ruwa: gashin kaza mace mai laushi, gashin zomo, da nauyi. Ana naɗa siririyar waya a jikin ƙugiya, ko a zura mata ɗan dutsen ƙarfe a ka. Na wani ƙarfe da ake kira tungustan ya fi saurin nitso, domin ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Ba su da yawa. Mariƙin ƙugiya, wato ɗan ƙaramin bais mai siririn baki, shi ne babba. Sai mariƙin kwarkwaro, wanda ke riƙe zare yana rataye don kada naɗin ya warware in ka saki hannu. Sai almakashi ƙarami mai tsini, da allura da aka kafa a ɗan itace, da ɗan matsi na kama bakin gashi. Akwai na'urar ƙulla ƙarshe, amma yatsu ma suna yi.

Wanda bai samu bais na musamman ba yana iya ɗaure filaya mai kulle a gefen tebur ya fara. Abin da ban yarda a yi wa rowa ba shi ne almakashi. Ka ware guda don gashi da zare kawai, kada ya taɓa waya, in ba haka ba cikin mako guda ya dakushe. Ka kuma nemi haske mai kyau da farar takarda a bayan bais, idonka zai gode maka.

Dole ne sai na yi odar gashi daga waje?

A'a, ban da abu ɗaya. Gashin zakara na ƙwaron sama mai ƙanƙanta yana fitowa ne daga zakarun da aka shafe shekaru ana zaɓen irinsu don wannan aiki kaɗai, kamar na gonar Whiting da ke jihar Kolorado a Amurka. Gashinsu dogo ne, siriri, zarurrukansa gajeru masu tauri. Zakaran gida ba ya ba da irinsa sai kaɗan. (A 2011 ma mata masu ƙawata kitso da wannan gashi sun kusa ƙarar da shi a shagunan Amurka, masunta suna ta ƙorafi.)

Sauran kaya kuwa suna ko'ina. Gashin zabo mai ɗige-ɗige sananne ne a wannan sana'a, ana yin ƙafafu da jela da shi. Gashin jimina da na ɗawisu ana naɗa jiki da su, kuma ƙyallin kore na ɗawisu yana cikin abubuwan da kifi ya fi so. Lallausan gashin da ake kira marabu asalinsa daga babba-da-jaka ake samu, yanzu kuwa na talotalo ne ake rinawa. Ulu na saƙa, zaren ƙyalli na masu ɗinkin surfani, gashin doki da mata ke ƙarawa a kitso, soson tsohon silifas, duk suna aiki.

In za ka karɓi gashi wajen masu fige kaji, ka roƙa a cire maka a bushe kafin a tsoma tsuntsun cikin ruwan zafi. Ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa.

Wanda ke jin kunyar kayan tsince-tsince ya tuna da Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a Ingila. Shahararren ƙwaronsa, Pheasant Tail Nymph, abu biyu ne kacal: 'yan zarurruka daga jelar wani tsuntsun daji dangin kaza, da siririyar wayar tagulla irin ta cikin kayan lantarki. Ko zare bai sa ba. Masu gyaran fanka da rediyo suna zubar da irin wannan waya kullum.

Lambobin ƙugiya suna rikita ni. Yaya suke?

A juye suke. In lamba ta ƙaru, ƙugiya ta ragu. Lamba 20 ƙarama ce ƙwarai, lamba 4 babba ce. Daga lamba 1 sai a koma 1/0, 2/0, 3/0, a nan kuma girma na tafiya tare da lamba. Yawancin ƙwarin kogi suna tsakanin 10 da 18. Mai koyo ya fara da 8 ko 10. Zare ma haka yake, 8/0 ya fi 6/0 siranta, kuma 6/0 ya ishi mai farawa.

Wane ƙwaro zan fara ɗaurawa, kuma yaya?

Woolly Bugger. Russell Blessing ne ya fito da shi a jihar Fensilbaniya a 1967. Bai yi kama da wani abu guda sak ba, amma ya yi kama da abubuwa da yawa: matsattsaku, ɗan mazari, ɗan kifi. Babba ne, yana yafe kuskure, kuma yana koyar da kusan duk motsin hannun da za ka buƙata daga baya.

Ka matse ƙugiya a bais ta wajen lanƙwasarta, gangar jikinta a kwance. Ka fara naɗa zare kaɗan bayan idon ƙugiya, kana hawa kan bakin zaren har ya kama, ka yanke saura, ka naɗa zuwa inda lanƙwasa ta fara. A nan za ka ɗaura tukkun marabu ya zama jela, tsawonsa daidai da gangar ƙugiya. A wuri ɗaya ka ɗaura bakin ulu mai kauri, da siririyar waya. Ka mai da zare gaba, ka naɗa ulun zuwa gaba ya zama jiki, ka danne shi da zare ka yanke. Sai ka ɗaura gashin zakara ta gindinsa, ka naɗa shi zuwa baya a buɗe, zagaye biyar ko shida. Da ka isa jela sai ka kama shi da wayar, ka naɗo ta zuwa gaba tana ratsa gashin. Wayar ce ke hana haƙoran kifi warware shi. Ka danne ta, ka karya saura, ka yi ɗan ƙaramin kai da zare, ka ƙulle, ka ɗiga man farce marar launi da bakin allura.

Na farko zai yi muni. Ka ɗaura goma iri ɗaya a zama guda kafin ka koma wani, ka jera su. Na goma zai nuna maka abin da ya lalata na ɗaya.

Me ya sa nawa ke warwarewa, ko kayan su riƙa juyawa a kan ƙugiya?

Galibi ba ka shimfiɗa zare a gangar ƙugiya tukuna ba, sai kayan suka zauna kan ƙarfe mai santsi. Ko kuma zaren na ture su yayin da kake naɗawa. Maganin shi ne ka tsunkule kayan da babban yatsa da manuni a saman ƙugiya, ka shigar da zaren tsakanin yatsun a sake, sannan ka ja shi ƙasa kai tsaye. Naɗi uku masu ƙarfi sun fi goma masu sako-sako.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne cushe idon ƙugiya. Mutum ya gama aiki tsaf, ya je bakin ruwa, ya tarar babu ramin zura zare. Ka bar fili kamar faɗin idon kansa tun daga farko. Na biye da shi, yawan kaya. Hannun mai koyo yana da kyauta, komai sai ya ɗebo da yawa. Ka ɗebi abin da kake ganin ya isa, ka raba biyu, ka ajiye rabi. Ƙwaro na gaske siriri ne, haske na ratsa shi.

Launi ne ya fi muhimmanci ko girma?

Girma da farko, sai siffa, sai yadda yake tafiya a ruwa, launi a ƙarshe. Kifin da ke kallon sama inuwar abu yake gani a jikin haske. Hujja ita ce ƙwaron da ake kira Adams, wanda Leonard Halladay ya ɗaura a 1922 a jihar Mishigan. Toka-toka ne da ruwan ƙasa, bai kwaikwayi wani ƙwaro takamaimai ba, amma ya wuce shekara ɗari yana kama kifi a nahiyoyi daban-daban. In kifi ya ƙi naka, ka fara rage girma kafin ka sauya launi. In kuwa igiya na jan ƙwaron yana tsaga ruwa alhali na gaske suna bin ruwa a hankali, ko wane gwani ne ya ɗaura shi ba zai ciwu ba.

Na ga wasu masu launuka kamar kayan ado. Su ma na kamun kifi ne?

Waɗannan na salmon ne, wani babban kifin teku na ƙasashen sanyi, salon ƙarni na 19 a Birtaniya, lokacin da ake kwaso gashin tsuntsaye daga ƙasashen da aka mallaka. Salmon ba ya ma cin abinci in ya shigo kogi don yin ƙwai, saboda haka adon na mai sanda ne. Yau galibi a gilashi ake ajiye su. Kwaɗayin gashin tsuntsayen ya kai ga a 2009 wani ɗalibin kiɗa Ba'amurke ya fasa gidan tarihin halittu da ke Tring a Ingila ya sace fatun tsuntsaye 299, wasunsu an tattaro su tun zamanin Alfred Russel Wallace, masanin halittu na ƙarni na 19. Da yawa daga irin waɗannan tsuntsaye suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da ke taƙaita cinikinsu. Gashin talotalo ko na agwagwa da aka rina yana yin aikin.

Kifayenmu za su ci?

Suna ci. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi na zuwa da rani daga ƙasashe masu nisa don kama tsage da giwan ruwa da ƙwaron bogi. Giwan ruwa da dare ake nemansa, da manyan kwaikwayon kifi da suka kai tsawon tafin hannu ko fiye. Tsage yana son abu mai ƙyalli da gudu, kuma dole a sa guntuwar waya gaban ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa su datse zaren nan take. Kada ka ɓata gashi mai tsada a kansa, kifi biyu ko uku sun isa su yi wa ƙwaro kaca-kaca.

Kawara tana cin na sama da zafin nama. Karfasa tana ɗaukar ƙananan na ƙasa, musamman kusa da ciyawa. Tarwaɗa ma, ko da yake da gashin baki take neman abinci, takan bi baƙin ƙwaro mai motsi. Lokacin da ya fi kowanne shi ne farkon damina da shinge ke tashi bayan ruwan sama. Ɗan jiki mai ruwan ƙasa da dogayen fukafukai farare a kwance, a ƙugiya lamba 10 ko 12, ya wadatar. Babban cikas shi ne laka: in kogi ya yi jawur, kifi ba ya ganin komai, sai a jira ya kwanta.

Ga tana kyauta, me ya sa zan wahala?

In tukunya ce ke jira, tana da koma sun fi. Masu wannan harka suna yi ne don daɗin ganin kifi ya taso ya kama abin da hannunsu ya ƙera. Batun cewa ɗaurawa da kanka ya fi saye araha kuwa, gaskiya ce ga mai iya tsayawa kan kaya kaɗan, kuma irinsu ba su da yawa.

Sana'a ce kuma ta neman abinci. Kenya, inda Turawa suka kai kifin tirawut, wani kifin ruwan sanyi, a 1905, ta zama ɗaya daga manyan wuraren da ake ɗaura ƙwarin da ake sayarwa a Turai da Amurka. Da hannu ake yin kowane guda, ana lissafi da dozin.

Me ya sa wasu ke danne ƙayar ƙugiya?

Don a saki kifi ba tare da an yaga masa baki ba. A koguna da yawa na Turai da Amurka doka ce. Akwai kuma dalili na kusa: ƙugiyar da ke shawagi a iska kusa da kunne wata rana sai ta samu mai ita, kuma marar ƙaya tana fita salin-alin. Ka danne ta da filaya kafin ka fara ɗauri, don in za ta karye ta karye tun ba ka yi wahala ba. Ka kuma sa tabarau da hula duk lokacin da kake jifa.

Yaya zan adana gashi da ƙwarin da na gama?

Abokan gaba biyu ne, asu da tsatsa. Kowane gashi ya shiga ledarsa mai zif, a sa kafur a akwatin. Sabon gashi daga kasuwa ko daga mafarauta kada ya haɗu da tsofaffi sai ya yi kwanaki a firiza, a fito da shi ya huce, a sake mayarwa, saboda ƙwan da sanyin farko bai kashe ba. In ka dawo daga ruwa ka buɗe akwatin ƙwari ya sha iska har su bushe, musamman da damina. Wanda gashinsa ya kwanta, ka riƙe shi da filaya a kan tururin buta na ɗan lokaci, zai miƙe kamar sabo.